Ziyarar Lamlash, Inda Mutanen Ƙauye Suka Sa Aka Rufe Wani Yanki na Teku

Tsibirin Arran yana yammacin Sikotland, a tsakiyar wani faffaɗan sashe na teku da ake kira Firth of Clyde, inda kogin Clyde yake juye ruwansa bayan ya ratsa birnin Gilasgo. Ina zaune a Gilasgo don wani gajeren kwas lokacin da na fara jin labarin wani ƙauye a wannan tsibiri, wanda mutanensa suka shafe shekara 13 suna kai gwauro suna kai mari tsakanin ofisoshin gwamnati, har sai da aka yi dokar da ta haramta ɗaukar kowace irin halitta daga wani yanki na tekun da ke gabansu. Abin ya tsaya mini a rai, domin a yawancin wuraren da na sani hukuma ce take kawo dokar hana kamun kifi, jama'a kuma su yi ta neman hanyar kauce mata. A nan jama'a ne suka nema, hukuma ta yi ta jan ƙafa. Da na sami sarari a tsakiyar bazararsu, sai na shirya na tafi in gani da idona.

Tafiyar ba ta da wahala. Jirgin ƙasa ya ɗauke ni daga tashar Gilasgo zuwa Ardrossan, daga can na shiga babban jirgin fito mai ɗaukar mutane da motoci, wanda yake kai wa Brodick cikin ƙasa da awa guda. Tun daga nesa ake hango Goat Fell, dutsen da ya fi kowane tsawo a tsibirin, mai tsayin mita 874. Mazauna Arran ba su kai dubu biyar ba, kuma yawon buɗe ido ne ƙashin bayan abincinsu a yau. Daga Brodick motar haya ta haura da mu wani tudu mai dazuzzuka, da muka fara gangarowa sai ga Lamlash a shimfiɗe: jerin fararen gidaje a bakin ruwa, ƙananan jirage a ɗaure, sannan wani tsibiri mai tudu da ake kira Holy Isle ya tare bakin gaɓar kamar ƙyaure, ya bar mashiga biyu, ɗaya ta arewa ɗaya ta kudu.

Na fara da cibiyar COAST, ƙungiyar mazauna tsibirin masu fafutukar kare ƙasan tekunsu, cibiyar da aka buɗe a 2018 a bakin ruwa. Ƙaramin gini ne, a cikinsa akwai tankunan gilashi da aka zuba halittun gaɓar, da hotunan ƙarƙashin teku, da taswirori a jikin bango. A nan na fara fahimtar abin da ya faru da Clyde, kuma sai an san wannan tarihi ne za a gane dalilin da ya sa mutane suka nace.

A ƙarni na goma sha tara Clyde yana cikin wuraren da suka fi albarkar kifi a Turai. A 1889 aka yi dokar da ta hana jiragen da ke jan taru a ƙasan teku yin aiki kusa da gaɓa, saboda tun a wancan zamani masunta sun lura cewa wannan hanya tana lalata wuraren da kifi yake hayayyafa. Dokar ta kare ruwan da ke tsakanin gaɓa da nisan mil uku har kusan shekara ɗari. A 1984, bayan kifin da ke can cikin zurfi ya ragu, sai gwamnati ta janye ta, aka buɗe wa manyan jirage hanya har bakin gaɓa. Tare da masu jan taru akwai masu kwasar sikalof, wata halitta mai ɓawo biyu mai siffar mafici, wadda take kwanciya cikin yashi kuma take da tsada a kasuwannin Faransa da Sifen. Ana kwasar ta da wata irin manjagarar ƙarfe mai haƙora, mai nauyi ƙwarai, wadda jirgi yake ja a ƙasan teku tana tone duk abin da ta tarar. Cikin shekaru kaɗan manyan kifaye suka ɓace. Lamlash tana da wata gasar kamun kifi da fatsa da take jawo mutane daga ƙasashe daban-daban, amma abin da ake kamawa ya yi ta raguwa har aka yi ta ƙarshe a 1994. A 2010 masana biyu na Jami'ar York, Ruth Thurstan da Callum Roberts, suka bi diddigin bayanan kamun kifin Clyde na fiye da ƙarni guda, suka nuna cewa sana'ar ta koma dogaro kusan kacokan a kan wani ƙaramin jatan lande da ke zama cikin taɓo, da kuma sikalof.

Mutum biyu daga cikin mazauna tsibirin, Howard Wood da Don MacNeish, sun daɗe suna nutso a wannan ruwa tun kafin a janye dokar, saboda haka sun san yadda ƙasan tekun yake a da, sun kuma ga yadda ya koma bayan manjagara ta bi ta kansa. MacNeish ya taɓa zuwa Niyu Zilan, inda ya ga keɓaɓɓen yankin teku na Leigh da aka kafa a 1975, ya dawo da tunanin cewa za a iya yin haka a gida. A 1995 suka kafa COAST. Sun yi ta taro da maƙwabtansu, da masu kamun lobsta (ƙaton jatan landen teku), da masu kamun kifi don nishaɗi, sun kai koke gaban Majalisar Dokokin Sikotland da aka buɗe a 1999, har a watan Satumba na 2008 aka ayyana arewacin gaɓar Lamlash a matsayin wurin da ba a ɗaukar komai, na farko irinsa a Sikotland. Faɗinsa murabba'in kilomita 2.67 ne kacal. A 2015 aka ba Howard Wood lambar yabo ta Goldman, wadda ake ba masu kare muhalli, saboda wannan aiki.

Abin da ya fi riƙe ni a cibiyar shi ne taswirorin. Na daɗe ina ɗaukar taswira a matsayin aikin hukuma, amma waɗannan yawancinsu gumin masu nutso ne na sa-kai. Wata ma'aikaciyar wurin ta yi mini bayanin yadda aka haɗa su. Lokacin da ƙungiyar ta fara kai ƙorafi, amsar da take samu ita ce babu hujjar cewa akwai wani abu mai muhimmanci a ƙasan wannan ruwa. Taswirorin da ake da su na matuƙan jirage ne, waɗanda suke nuna zurfi da duwatsun da za a kauce wa, ba sa faɗin komai game da abin da ke raye. Sai masu nutson suka sami horo a ƙarƙashin Seasearch, shirin da ke koya wa masu nutso na sa-kai tattara bayanan ƙasan teku, suka riƙa sauka da allunan rubutu da ruwa ba ya gogewa, da na'urorin ɗaukar hoto, suna rubuta irin ƙasar da suka tarar, ko yashi ko tsakuwa ko taɓo, da halittun da ke kanta, yayin da na cikin kwale-kwale yake ɗaukar lambobin wurin da na'urar GPS. Da haka, nutso bayan nutso, aka san inda ciyawar teku take, aka kuma san inda ragowar maerl yake. Shi maerl wani irin tsiron teku ne ruwan hoda mai tauri, mai rassa kamar murjani, wanda yake taruwa ya zama shimfiɗa mai ƙananan ramuka inda 'ya'yan kifi da na sikalof suke fakewa. Girman da yake ƙarawa a shekara bai wuce milimita ɗaya ba, don haka abin da manjagara ta niƙe cikin mintuna yana iya ɗaukar fiye da rayuwar mutum kafin ya dawo.

Akwai kuma taswirar da ake yi da sauti. Jirgi yana aika amo zuwa ƙasan teku daga na'urar da ke maƙale a gindinsa, amon ya daki ƙasa ya dawo, kwamfuta ta lissafa lokacin da ya ɗauka ta fitar da zurfin wurin, har a sami hoton tudu da kwari na faɗin yanki guda. Da wannan fasaha ce shirin Seabed 2030, wanda Gidauniyar Nippon ta Japan da GEBCO, masu haɗa taswirar zurfin tekunan duniya, suka ƙaddamar a 2017, yake ƙoƙarin zana ƙasan tekunan duniya baki ɗaya. Lokacin da aka fara, kashi 6 cikin 100 kawai aka auna da kyau, zuwa 2024 kuwa an ɗan haura kashi ɗaya cikin huɗu. Sai dai amo yana faɗin siffar ƙasa ne da taurinta, ba zai tabbatar maka cewa maerl ɗin da ke wurin yana raye ko ya mutu ba. Wannan sai an sauke na'urar hoto ko mutum ya nutsa ya duba. A ganina nan ne ƙarfin mutanen Arran yake: sun riƙe ilimin da babu wanda yake da shi, suka mai da shi takardar da jami'in gwamnati ba zai iya turewa gefe ba.

Da yamma na taka zuwa Clauchlands Point, wani tsinin ƙasa a arewacin ƙauyen inda ake ganin yankin da aka rufe gaba ɗayansa. A kan hanya akwai allo mai taswirar iyakokin da bayanin dokar, wadda ta shafi har wanda yake tsaye a bakin gaɓa da fatsa ko mai tsintar ƙwaryar teku idan ruwa ya janye. An yarda a yi iyo, a yi nutso, a tuƙa kwale-kwale, ɗauka ce kaɗai aka hana. A saman ruwan babu shinge, babu wata alama da za ta nuna wa baƙo cewa nan ya bambanta da can. Abin da na lura da shi shi ne ƙwallayen roba masu launi da ke yawo a wajen iyakar, waɗanda suke nuna inda masu kamun lobsta suka sauke tarkunansu. Masunci ba ya zuba tarko inda babu samu, kuma kasancewarsu kusa da layin ya gaya mini wani abu tun kafin in karanta sakamakon bincike.

Washegari a bakin tashar jirage na sami wani dattijo mai wannan sana'a yana gyaran tarkunansa, na gaishe shi, ya karɓe ni da sakin fuska. Tarkon nasu firam ne na ƙarfe da aka lulluɓe da raga, yana da ƙofa mai siffar mazurari wadda shiga ta cikinta ya fi fita sauƙi, ana ɗaura gishirtaccen kifi a ciki, a jera tarkuna da yawa a igiya guda a sauke su kan duwatsun ƙasan teku. Ya ɗaga murfin wani akwati ya nuna mini lobsta mai rai. Ƙaton jatan landen teku ce, tsawonta ya kai kamu guda da ɗoriya, launinta shuɗi mai duhu kusan baƙi, domin jan da ake gani a faranti sai an dafa ta yake fitowa. Hannuwanta biyu ba iri ɗaya ba ne: ɗaya mai kauri ne na fasa ɓawo, ɗayan siriri mai kaifi na yanka. Ga wanda zai tambaya, a mazhabar Malikiyya da yawancinmu muke bi halittun teku halal ne, har da wannan.

Dattijon ya nuna mini ƙaramin ma'aunin ƙarfe da yake ɗorawa a bayan kowace lobsta daga kwarmin ido zuwa ƙarshen ɓawon jiki. Wadda ba ta kai awon da doka ta sa ba, ruwa ake mai da ita. Ya kuma bayyana mini al'adar yanke ɗan gefen wutsiyar macen da aka samu ɗauke da ƙwai, a yi mata tsaga mai siffar harafin V kafin a sake ta, domin duk wanda ya sake kama ta ya san uwa ce, kuma doka ta hana kai mai wannan tsaga kasuwa. Alamar takan ɗauki wasu shekaru kafin ta shafe, saboda lobsta tana girma ne ta hanyar saɓa, tana tuɓe tsohon ɓawo ta yi sabo.

Rayuwar wannan halitta ce ta sa rufe wuri yake yi mata amfani fiye da yadda yake yi wa kifin da ke yawo nesa. Lobsta takan yi shekara biyar zuwa bakwai kafin ta kai girman kasuwa, kuma babba ba ta cika nisa da raminta ba. Mace tana riƙe ƙwai a ƙarƙashin wutsiyarta na kimanin wata tara ko fiye, kuma yawan ƙwan yana ƙaruwa da girmanta: ƙarama tana ɗaukar 'yan dubbai, babba kuwa tana iya haura 20,000. Idan suka ƙyanƙyashe, 'ya'yan suna yawo a saman ruwa na wasu makonni, igiyar ruwa tana kai su inda ta ga dama, kafin waɗanda suka tsira su sauka ƙasa su nemi mafaka. A wurin da ake kamu kullum, da wuya lobsta ta wuce awon doka da yawa kafin ta faɗa tarko, saboda haka manyan iyaye mata ba sa samuwa. A wurin da aka rufe kuwa suna tsufa, suna zuba ƙwai masu yawa, 'ya'yan kuma ba su san iyaka ba.

Wannan hikima ba baƙuwa ba ce ga wanda ya san Argungu, inda ake hana kamun kifi a Matan Fada har sai ranar da aka ba da izini, Sarkin Ruwa yana kula da dokar. Bambancin shi ne a Argungu ana tara kifi ne don ranar buɗewa, a Lamlash kuwa babu ranar buɗewa ko kaɗan, amfanin masunci yana cikin abin da ya cika ya tumbatsa zuwa waje.

Masanan Jami'ar York, ƙarƙashin jagorancin Bryce Stewart, sun fara auna yankin a kai a kai tun 2010, suna aiki tare da masuntan gari. Suna sauke tarkuna a ciki da waje, su ƙirga, su auna, su maƙala wa lobsta lamba su sake ta. Sun gano cewa na cikin yankin sun fi girma, cewa samu yana raguwa yayin da ake nisa da iyakar, kuma an sake kama wasu masu lamba a waje, wanda ya tabbatar suna ƙetarawa. Rahoton da suka fitar a 2020 ya nuna lobsta ta ninka ta wajen yankin fiye da sau huɗu, sikalof kuma ya ƙaru kusan ninki huɗu cikin 'yan shekaru, ƙasan tekun ya sake rufuwa da tsirrai da ƙananan halittu. Lissafin bai yi ta hawa a kowace shekara ba, kuma inda lobsta ta yi yawa an ga wani nau'in ƙaguwa ya ragu, domin ta fi shi ƙarfi wajen neman rami da abinci. Na ji daɗin yadda ba a ɓoye waɗannan bayanai ba, domin wanda ya faɗi abin da bai yi masa daɗi ba a cikin bincikensa shi ake yarda da sauran maganarsa.

Na hau ƙaramin jirgin da ke kai mutane Holy Isle, wanda wata al'ummar mabiya addinin Buda ta mallaka tun 1992. Tsallakawar ta 'yan mintuna ce. Ruwan garau yake, har ana ganin dogayen ganyayen teku suna kaɗawa a inda ba zurfi. Daga tudun tsibirin na hango kudancin Arran, inda nasarar Lamlash ta haifi wani abu mafi girma: a 2014 aka ayyana ruwan da ke kewaye da kudancin tsibirin a matsayin yankin kariya mai faɗin fiye da murabba'in kilomita 250, a 2016 kuma aka hana jan manjagarar sikalof a cikinsa, aka taƙaita jan taru zuwa wasu sassa, aka bar masu tarko da masu tsintar sikalof da hannu ta hanyar nutso su ci gaba da sana'arsu a yawancin wurin. Bayanan masu nutso na sa-kai suna cikin hujjojin da aka kafa wannan mataki a kansu.

Ba kowa ne ya yi murna ba. Masu jiragen jan taru na garuruwan Clyde sun yi adawa sosai, suna cewa an ƙwace musu wuraren da suke samun abin ciyar da iyali, musamman lokacin hunturu da iska take hana ƙananan jirage fita nesa. Ban ɗauki wannan a matsayin son zuciya kawai ba, domin mutumin da ya ci bashi ya sayi jirgi a ƙarƙashin dokar da ta halatta masa aiki yana da hakkin a saurare shi idan za a canza dokar. Abin da ya faru daga baya ya nuna nauyin wannan batu. Bayan ƙasashen duniya sun amince a Montreal a watan Disamba na 2022 cewa za a kare kashi 30 cikin 100 na ƙasa da teku kafin 2030, gwamnatin Sikotland tana da shirin rufe kashi 10 cikin 100 na tekunta rufewa mai tsanani. Mutanen tsibirai da ƙauyukan gaɓa suka tashi tsaye, har da masu kamu da tarko, saboda ba a gaya musu inda layin zai bi ba, ba a kuma fara da su ba. A watan Yuni na 2023 gwamnati ta janye shirin. Manufar kusan ɗaya ce da ta Lamlash, amma a Lamlash waɗanda za su rayu da dokar su ne suka zana taswirar, suka yi gardama a kanta a ɗakin taron ƙauye, kuma su ne har yau suke sa ido daga tagoginsu suna kai rahoton jirgin da ya shigo da dare.

Duk da haka bai kamata a kambama abin ba. Clyde ya kai faɗin murabba'in kilomita 3,700, yankin da aka rufe gaba ɗaya kuwa bai kai kashi ɗaya cikin dubu na wannan ba. Lobsta da sikalof sun farfaɗo saboda mazauna wuri ɗaya ne, amma manyan kifayen da suka sa aka san Lamlash a da ba su dawo ba, domin suna yawo cikin ruwan da har yanzu ake jan taru a ƙasansa, kuma binciken da aka yi ya nuna yawancin kifin da ke Clyde a yau ƙanana ne da ba su kai girman kamu ba. Saboda haka COAST ta shiga gamayyar ƙungiyoyi mai suna Our Seas, wadda take neman a dawo da wata iyaka ta kusa da gaɓa irin wadda aka janye a 1984, a bar ruwan da ke ciki ga masu tarko da masu nutso. Masu jiragen jan taru sun ƙi amincewa, kuma har lokacin da na bar tsibirin maganar tana gaban gwamnati a Edinbura ba a yanke hukunci a kanta ba.